Kurakuran da muke yi wajen koya wa yara rubuta kalmomin Turanci masu ƙarshe iri ɗaya

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar aji ɗaya na firamare da hantsi ya san wannan waƙar: "Si, ei, ti, kat! Ar, ei, ti, rat! Em, ei, ti, mat!" Aji ya cika maƙil, yara na rerawa da murya ɗaya, malama na bin allo da sanda. Ana tashi a ce yau an gama dangin *-at*. Washegari ka kira yaro ɗaya ka ce ya rubuta *pat*, kalmar da ba ta cikin jerin jiya, sai ya tsaya yana kallonka, fensir a baki.

Na daɗe ina koyar da ƙananan yara, kuma da wannan waƙar na fara, domin da ita aka koyar da ni. Ita dabarar tara kalmomi masu ƙarshe iri ɗaya ba ta da laifi. Turanci yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai kusan 44, shi ya sa harafi ɗaya yakan ɗauki aiki uku ko huɗu. Dubi yadda wasalin *a* yake sauya murya a *cat*, *cake*, *call* da *car*. Idan aka haɗa shi da abin da ke biye da shi, sai ya natsu wuri ɗaya. Yaron da ya riƙe *-ake* da kyau ya samu *cake*, *make*, *take*, *lake*, *bake* da *wake* a tashi guda. Inda muke ɓata abin shi ne wajen koyarwa, kuma yawancin ɓarnar daga wuri ɗaya take fitowa: muna sa hannun yaro ya rubuta abin da kunnensa bai riga ya ji ba.

Babban kuskuren shi ne waƙar nan ta sunayen haruffa. Sunan harafi daban, sautinsa daban. Haɗa "si" da "ei" da "ti" da bakinka, ka ji ko za su ba ka *cat*. Ba za su bayar ba. Yaron da ya rera su sau talatin hadda ya yi, irin haddar lambar waya, kuma hadda ba ta buɗe kalmar da ba a taɓa gani ba. Iyayenmu na makarantar allo sun fi mu fahimtar wannan. Almajiri yakan fara da babbaƙu, ya san baƙaƙe zalla, sannan ya shiga farfaru, inda ake ɗora wasali a kan baƙi ya ji yadda muryar take fita, kafin a sake shi ya riƙa haɗawa da kansa. Ba a tsallake matakin tsakiyar nan. Mu kuwa a darasin Turanci shi muke tsallakewa.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi. Yanka kwalin taliya ko na sabulu ƙanana-ƙanana. Rubuta *at* a kan guda ɗaya, ka rubuta *c, r, m, s, h, b, f, p* a kan sauran, kowane harafi da katinsa. Ajiye *at* a gaban yaro, ya furta shi har ya zauna masa. Sai ka riƙa turo baƙi ɗaya gabansa, ya faɗi sautin baƙin, ya faɗi *at*, ya haɗa. Da ya saba, sai ku juya: kai ka faɗi kalma, shi ya nemo katin. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka turo masa harafin da ba ku yi ba, ko da abin da zai fito ba kalma ba ce, kamar *zat* ko *jat*. In ya karanta, ya kama dangin. In ya tsaya, hadda ce har yanzu. Malaman da suka samu horon Jolly Phonics, wani tsarin koyar da karatun Turanci ta hanyar sauti, sun san wannan hanyar, domin tsarin yana koyar da sautuka 42, yana farawa da *s, a, t, i, p, n*, waɗanda daga su kaɗai ake gina *sat, pat, pin, tin, tip, sip*. Amma ko ba ka taɓa ganin littafinsu ba, kwali da alƙalami sun isa.

Akwai tarko a nan, kuma malamai da yawa da suka bar sunayen haruffa sun faɗa cikinsa. Mun taso da *ba, be, bi, bo, bu*, bakinmu bai saba sakin baƙi tsirara ba. Sai malami ya ce "ka, a, ta" yana nufin *c, a, t*. Yaro mai biyayya ya haɗa, ya samu "kata". Dole malami ya fara horar da bakinsa, ya datse sautin gajere, babu wasali a wutsiyarsa.

Wannan ya kawo mu kan abin da littattafan da aka rubuta a Ingila ko Amurka ba za su gaya maka ba, domin ba don 'ya'yanmu aka rubuta su ba. Mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Idan muka ari kalma mai ƙarewa da baƙi, mukan yi mata gyara ta dace da bakinmu. Dubi *bucket*, *ticket* da *packet*, dangi ɗaya ne a Turanci, kuma dangi ɗaya suka zama a wurinmu: bokiti, tikiti, fakiti. *Bread* ta zama burodi, *bench* ta zama benci, *cement* ta zama siminti. Yaron da ya rubuta *cati* ko *bagi* ba shashasha ba ne. Ƙa'idar harshensa yake bi, ƙa'idar da duk garinsu ke bi. Kuskuren namu ne da muke ce masa "cire *i* ɗin nan" ba tare da mun koya wa bakinsa tsayawa a kan baƙi ba.

Abin da ya fi yi mini aiki a nan daga cikin Hausar ya fito. Muna da kalmomin da ke tsayawa a kan baƙi, kuma kowane yaro ya iya su tun kafin ya shiga makaranta: fari *fat*, ɗaya *tak*, ya tsaya *cak*, ya cinye *kaf*, ja *wur*. Ba yaron da zai ce "fari fati". Nakan ce da aji, "Farar riga, fara yaya?" Su amsa, "Fat!" In ce to ku riƙe bakinku a nan, mu je: *fat, cat, hat, mat*. Ga dangin *-ack* kuwa, "Guda nawa?" "Ɗaya tak!" Daga nan sai *back, sack, pack, Jack*. Ranar da na fara gwada wannan, wata yarinya da ta yi makonni tana cewa "baki" a madadin *back* ta gyara kafin a tashi tara. Bakinta ya iya tun da, ba wanda ya nuna mata cewa abu ɗaya ne.

Inda aiki ya fi yawa shi ne ƙarshen da ke da baƙaƙe biyu a jere: *-est, -and, -ump, -ink, -ilk*. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙi biyu, saboda haka yaro yakan yi ɗayan abu biyu. Ko ya yar da na ƙarshe, ya rubuta *bes* da *han* a madadin *best* da *hand*, ko ya cusa wasali a tsakani, ya rubuta *milik*. Sau da yawa mu malamai ma haka muke furtawa, sannan mu ja jan biro a kan yaron da ya rubuta abin da ya ji daga bakinmu. Nakan ba kowane yaro tsakuwa ko murfin kwalba biyar. In na faɗi kalma, ya tura tsakuwa ɗaya gaba a kan kowane sauti. *Ben* tsakuwa uku, *bend* huɗu. *Ten* uku, *tent* huɗu. Sai ya ƙirga tsakuwar kafin ya ɗauki fensir, kuma adadin tsakuwa ya gaya masa ko ya bar wani abu a baya. Kada a shiga waɗannan dangin sai masu haruffa uku sun zauna daram.

Sai maganar *p* da *f*, wadda kowa ya sani, amma kaɗan ne ke yi mata magani a aji. *F* ta Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, shi ya sa take yawo tsakanin sautukan biyu, a Sakkwato da sassan Nijar ma har takan koma *h*, a ce "tahi". A dangin kalmomi abin yana da haɗari, domin *pan* da *fan* duk 'yan gidan *-an* ne, haka *pin* da *fin*, haka *pat* da *fat*. Dangin *-ap, -ip, -op* kuwa gaba ɗayansu a kan *p* suke tsaye. A sa yaro ya riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa: *p* leɓɓa ne ke rufewa su fashe, takarda ta yi tsalle, *f* kuwa haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta zirara. Madubi ma yana taimakawa. Haka za a yi wa *van* da *ban*. Minti biyu kullum ya fi awa guda a mako.

Wani kuskuren kuma ya fi waɗannan ɓoyuwa, domin sakamakonsa yana fitowa da kyau a takarda. Malami ya ba da kalmomi goma duk masu *-at*, ya yi shifta ranar Juma'a, kowa ya ci goma bisa goma. Murna ta kama shi. Alhali yara suna da wayo: sun gane cewa wannan makon komai da *at* yake ƙarewa, sai su saurari harafin farko kawai, su liƙa sauran da ka. Ba wanda ya saurari wasalin. Mako biyu bayan haka ka ce a rubuta *hut*, rabin aji su rubuta *hat*.

Dalili kuwa shi ne Hausa wasula biyar gare ta, gajeru da dogaye, sai tagwaye *ai* da *au*, Turancin Ingila kuwa yana da sautin wasali kusan 20. Wasalin *cap* da na *cup* duk a kan *a* tamu suke faɗowa a kunnen Bahaushe. Don haka da zarar dangi ɗaya ya zauna, a kawo masa abokin karawa. A zana layi a tsakiyar allo, *-at* a dama, *-ut* a hagu. Malami ya faɗi kalma ba tare da ya rubuta ba, yaro ya je ya tsaya a ɓangaren da ya ji. *Hat* ko *hut*, *cat* ko *cut*, *bat* ko *but*. Daga baya a ƙara *-ot* su zama uku. Ga *ship* da *sheep*, ko *sit* da *seat*, nakan tuna musu da *gari* na zama da *gari* na tuwo. Rubutunsu ɗaya a boko, amma ba yaron da za a aika sayen garin tuwo ya rikice, domin kunnensa ya san gajeren wasali da dogo. Bambancin Turancin ba tsawo kaɗai ba ne, amma ƙofar shiga ke nan. Shiftar Juma'a kuma ta zama gauraye, har da kalmomin makonnin baya.

Yaron da ya riga ya iya karanta Hausa yana zuwa da nasa salon kuskure, kuma ina roƙon malamai su dube shi da idon rahama. Zai rubuta *nait* a madadin *night*, *kek* a madadin *cake*, *si* a madadin *see*. Zai ga *cat* ya karanta ta da *c* irin ta "ci" da "ciki". Zai ga *rain* ya fara ta kamar "rai". Wasu makarantu kan ɗauki wannan a matsayin hujjar hana Hausa gaba ɗaya, har da tara ko bulala. Ni ban yarda da haka ba. Wanda ya rubuta *nait* ya ji sautuka uku, ya jera su daidai, ya ba kowanne harafi. Rabin aikin ya gama. Abin da ya rage a gaya masa shi ne, "Kunnenka ya ji daidai. Da Hausa haka za a rubuta. Turawa kuwa wannan *ai* ɗin a nan *igh* suke rubuta shi." Sai a jera masa *night, light, right, fight, tight, sight*, ya ja layi a ƙarƙashin abin da ya haɗa su. Manyan yara sukan tambayi amfanin *gh* da ba a furtawa. Amsar gaskiya tana gamsar da su: a da can Turawa suna furta shi, wani sauti ne daga cikin baki mai kama da *kha* ta Larabci, bakinsu ya bar shi, rubutu ya riƙe. An fara buga littattafai da inji a Ingila a 1476, rubutun kalmomi ya riƙa daskarewa a hankali, furuci kuwa ya ci gaba da tafiyarsa.

Wannan tarihin shi ya sa bai kamata mu yi wa yara alkawarin da Turanci ba zai cika ba. Kada a ce "duk kalmar da ta yi amo ɗaya rubutunta ɗaya". *Night* da *kite* amonsu ɗaya, haka *tail* da *tale*, haka *bed* da *head*. Ta ɗaya gefen, *cow* da *low* rubutun ƙarshensu ɗaya, amo daban. *Heat*, *great* da *sweat* ma haka. A ce musu "yawanci", kuma a ware kusurwar allo a riƙa tara baƙin da suka shigo dangi ba su bi al'adar gidan ba, irin *what* a gidan *-at*, ko *put* a gidan *-ut*. Amma kada a kawo salon rubutu biyu na amo ɗaya a mako guda. *-ight* ta zauna tukuna, *-ite* ta biyo baya, sannan a gwama su. Dangin *-ough* kuwa, mai *though, through, rough, cough*, ba na 'yan aji ɗaya ko biyu ba ne sam. A bar shi sai gaba.

Akwai kuma akasin wannan, wato malamin da ya ce Turanci ba shi da ƙa'ida, a haddace kawai. Ƙarshen kalma na daga wuraren da Turanci ya fi bin ƙa'ida. Bayan gajeren wasali a kalma mai gaɓa ɗaya, sautin *k* na ƙarshe da *ck* ake rubuta shi: *back, neck, sick, sock, duck*. In wasalin dogo ne, ko akwai wani baƙi a tsakani, *k* kaɗai ce: *week, milk, bank*. Haka *tch* take a *catch* da *fetch*, ban da tsirarun da suka fita kamar *much, such, rich, which*. Haka *dge* a *badge* da *bridge*. *L, s, f* sukan ninku a ƙarshe bayan gajeren wasali: *bell, miss, off*. *Ai* da *oi* a tsakiyar kalma suke zama, in sun zo ƙarshe su koma *ay* da *oy*: *rain* da *ray*, *boil* da *boy*. Kalmar Turanci ta asali ba ta ƙarewa da *v*, shi ya sa *have* da *give* suke ɗauke da *e*. Ba a karanta wa ɗan shekara shida waɗannan kamar dokar kotu. A jera masa kalmomin a layi biyu, a tambaye shi me ya lura, ya gano da kansa, sannan malami ya faɗa a jimla ɗaya.

*E* ɗin ƙarshe da ba a furtawa ta cancanci mako biyu ita kaɗai. Kuskuren da ake yi shi ne a ce wa yara "ba ta da aiki". Da sun ji haka, wasu su daina rubuta ta, wasu su riƙa manna ta a ko'ina. Tana da aiki: ita ke sa wasalin da ke gabanta ya faɗi sunansa. A rubuta *cap, tap, hop, kit, cub* a allo, a ba yaro ɗaya katin *e*, ya riƙa zuwa yana tsayawa a ƙarshen kowace, aji na karanta *cape, tape, hope, kite, cube*, in ya matsa su koma yadda suke. A nan ne sunayen haruffan da suka haddace tun farko suke samun amfaninsu.

Dangin *-le* kuwa muna da shi a aljihu ba mu sani ba. *Table, candle, cable*: tebur, kyandir, kebur. Hausa ta mayar da wannan ƙarshen *r*, shi ya sa yaro zai rubuta *tebur* ko *tabul*. In ka nuna masa cewa waɗannan kalmomin da ya sani a gida duk da *le* Turawa ke rufe su, sai *little, apple, bottle* su biyo cikin sauƙi. A gargaɗe shi dai cewa fensir ta fita daga layin, *pencil* da *il* take ƙarewa.

Ƙarshen *-ed* na aikatau ya bambanta da duk waɗannan, domin shi ma'ana ce ke riƙe da shi, ba amo ba. A *jumped* ana jin *t*, a *played* ana jin *d*, a *wanted* ana jin gaɓa sukutum. Yaron da muka horar ya amince da kunnensa zai rubuta *jumpt*, kuma laifinmu ne in ba mu sanar da shi cewa wasan ya sauya ba. Tambayar da zai riƙa yi wa kansa ita ce, "Aikin ya wuce?" In ya wuce, yawanci *ed* ce, ko me kunne ya ji. Haka *-ing*: a koyar da *hop, hopping* kusa da *hope, hoping*, ya ga abin da ninka baƙi yake tsarewa.

Iyaye masu taya yara aikin gida da waya su lura da abu ɗaya. Littattafanmu salon Ingila suke bi, *colour* da *centre*, amma bidiyon yara da yawa na Amurka ne, inda tun ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 aka fi rubuta *color* da *center*. Duka daidai ne a wurin masu su. A tsaya a kan na littafin makaranta.

Saura yawa da gyara. Kalmomi ashirin a mako sun yi wa ɗan aji ɗaya yawa. Shida zuwa takwas sun isa, minti goma kullum, kuma kowace ya san ma'anarta, ko da da Hausa za a faɗa masa. Yaron da bai san mene ne *mat* ba, a nuna masa tabarmar da yake zaune a kai. Hukuncin "rubuta ta sau hamsin" kuma a bar shi, domin daga layi na biyar hannu ne ke tafiya, hankali ya tafi wasa, wani ma sai ya sauko da *c* hamsin a jere, sannan *a* hamsin, sannan *t*. Ya fi kyau ya kalli kalmar, ya furta, ya rufe ta da tafin hannu, ya rubuta, ya buɗe ya duba da kansa. Sau uku a yau, sau ɗaya gobe, sau ɗaya bayan kwana uku.

In yaro ya kawo maka *bak* a madadin *back*, kada ka soke kalmar duka. Ɗora ɗan ɗigo a kan *b*, ɗigo a kan *a*, ka ce waɗannan sun yi. Ja layi a ƙarƙashin *k*, ka tambaye shi wace kalma ya sani mai irin wannan ƙarshen. In ya ce *sack*, ka ce ya rubuta ta a sama, ya dubi tasa, ya gyara da hannunsa. Sannan ka ba shi *pack*, wadda ba ku yi ba, ka koma gefe ka jira.